Ɗan Shamuwa da Askar Yayana

Shekarar da kurkunu ya kwantar da ni ban wuce talatin da haihuwa ba. Muna gandu ɗaya da yayana a ƙauyenmu, kudu da Malumfashi, mahaifinmu ya rasu, gida ya koma hannun Yaya. Zamanin ne da ake rufe ƙofar gari tun rana ba ta faɗi ba saboda mahara, maza na zuwa gona da kwari da baka a rataye. Ni kuwa ko bakin zaure ba na iya kaiwa. Kurkunun ya fito mini a idon sawu ana tsakiyar noman firi. Kullum da safe matata ta kama ni ta zaunar a gindin tsamiyar tsakar gida, in jiƙa ƙafar, in naɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan, don in na yi gaggawa ta tsinke a ciki ƙafar ta ruɓe.

Ba wanda ban ji haushinsa ba a wannan damina. Na ji haushin ƙafata, na ji haushin masu zuwa dubiya, kowa da maganin da kakarsa ta sani. Amma wanda ya fi ci mini rai shi ne Yaya. Ba zai wuce da garma a kafaɗa ba sai ya tsaya.

"Sarkin inuwa, an tashi lafiya? Loma dai ba ta yi ciwo ba ko?"

In bi ƙeyarsa da harara har ya fita.

A kan tsamiyar nan shamuwa ke sheƙa tun kafin a haife ni. Kowa ya san darajarta a wurinmu. Ita ke zuwa gaban ruwa, ganinta ake yi a fara gyaran iri, kuma ba mai jifanta ko ɗaukar ƙwanta. Wata rana da azahar hadari ya taso da iska mai ƙarfi, matata ta ja ni ɗaki. Da ruwa ya ɗauke sai ta shigo da wani abu a cikin zane, jiƙe sharkaf, duk ƙafafu da baki. Ɗan shamuwa ne iska ta jefo. Gashi ya fara rufe shi, amma ko tsayuwa bai iya sosai ba.

Na roƙi Yaya ya hau ya mayar da shi sheƙa. Ya ce shi da ya yini a duƙe ba zai ƙare da hawan tsamiya ba, in ina so in hau da kaina. Iyayen tsuntsun kuwa suka leƙo daga sama, suka ci gaba da ciyar da waɗanda suka rage. Su ma na ji haushinsu.

Haka ya zama nawa. Matata in ta je rafi ɗebo ruwa ta taho da kwaɗi a ƙoƙo, tana tsaki tana cewa ita ba a aure ta don farautar kwaɗo ba. Ni kuma in ja gindi zuwa bakin danga in kama masa fara. Ci gare shi kamar gara, ya haɗiye ya sake wage baki. Na ajiye gora da tarin hoge kusa da ni saboda kare da muzuru. Karen maƙwabta ya sha gorar nan sau biyu, daga nan ko inuwar gidanmu bai ƙara ratsawa ba.

Sai aka zo koyon tashi. Akwai wani tsohon turmi a kife, nan yake hawa ya buɗe fukafukai ya yi ta kaɗawa har ƙasa ta tashi, ya daka tsalle, ya faɗi da baki. In ce, "Tashi, rago!" Ya tashi ya koma turmi. Wuni guda muna haka, shi yana faɗuwa ina zaginsa, har mata suka fara cewa ciwon ya taɓa mini kai. Ran da ya kai kan danga na yi ihun da ya sa matata ta zubar da tsaki a ƙasa. Bayan kwana shida ya sauka a kan rumbu, ya tsaya yana dubana da gefen ido kamar bai taɓa cin kwaɗona ba.

Ba wasa ya sa nake matsa masa ba. Shamuwa ba ta rani a ƙasarmu. Da dawa ta fid da kai sai su taru su yi ta kewaya sama, wata safiya a nemi ko ɗaya a rasa. In bai iya bin su ba kafin ranar nan, ya mutu, don da rani ba kwaɗo ba fara.

A kwanakin nan ne Yaya ya fara yi wa tsuntsun fara'a, har ya kawo masa babe daga gona. Na san akwai magana. Bara rumbunanmu sun ƙare tun kafin shuka, mun sha tafasa da rama har muka gaji, abin kuma bai bar zuciyarsa ba. Ya tsuguna kusa da ni ya ce, "Wani tsoho ya faɗa mani, gidan da shamuwa ta yi rani hatsi ba shi yanke masu. Ga ta Allah ya jefo mana har tsakar gida. A rage mashi fiffike ɗaya kamar na zabo, shi ke nan."

Na ce, "Yaya, shamuwa fa? Wadda ko jifa ba a yi?"

"Wa ya ce kisa? Gashi ne."

"Me zai ci da rani?"

"Abin da ya ci da damina, kai da ba ka da aiki."

Na ce masa in ya taɓa tsuntsun nan ni da shi ne. Ya yi dariya ya kakkaɓe rigarsa, ya ce ashe ƙanen nasa ya yi ɗa bai gayyace shi suna ba.

Tsutsar ta gama fita ana shirin yankan gero. Ranar da na fara taka ƙafar sosai, Yaya ya ce in je gonar nesa in duba ko tsuntsaye sun yi ɓarna. Na yi murna, wawa da ni, na ɗauki sanda na ɗingisa. A safiyar nan ɗan shamuwa ya kewaya tsamiya sau uku a sama kafin ya sauka.

Na dawo da la'asar na tarar da dogayen gashi baƙaƙe a zube gindin rumbu, an yanke su daidai wa daida. Shi kuma yana bayan turmi a rakuɓe. Yaya na zaure yana wasa askarsa a tafin hannu. Abin da na gaya masa ba zan rubuta ba, sai da maƙwabta suka shiga tsakani. Yana ta maimaita cewa ko ɗigon jini bai fitar ba, kuma don cikin iyalina ya yi.

Ba a yi kwana goma ba sauran shamuwa suka tashi. Na ga ɗan shamuwa ya ɗaga kai, ya sheƙa da gudu daga turmi zuwa danga, ya ɗaga sama kamar kamu biyu, ya karkace ya faɗi. Ya sake, ya sake. Har rana ta take yana yi, sama kuwa ta daɗe da zama wayam.

Na yi iyakar ƙoƙarina. Na tona busasshen rafi ina neman kwaɗin da suka binne kansu, na roƙi hanjin kaza gida-gida. Ya rame, ya daina hawa turmi. Ya mutu da zafin bazara, saura kaɗan 'yan uwansa su dawo. A ranar na ce a raba gandu, na ja matata muka kafa bukka a wancan gefen gari.

Abin da ya fi ƙona mini rai, shamuwa ta dawo ta yi sheƙa a tsamiyar nan kamar kullum, damina ta yi kyau, Yaya ya cika rumbu huɗu. Muka haɗu a ƙofar masallaci ya ce, "To, ka gani?" Har ya tsufa yana ba mutane labarin dabararsa.

Da ciwon ajali ya kama shi ya aika a kira ni. Ya riƙe hannuna ya ce, "Mu yafi juna, ƙanena."

Na ce, "Gorin da ka yi mani na yafe, Yaya, da duk abin da ke nawa. Na tsuntsun kuwa, ba ni aka yanke wa fiffike ba."

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Wane tsuntsu?"