Gahawar Gunvor da Doka ta Tara

A shekarar 1914 aka aza harsashin Fjordheim, gidanmu da ke arewacin Chicago. Ƙungiyoyi biyu na 'yan Norway suka gina shi: Ma'abota Littafi, masu zama a bene suna gardama kan waƙoƙi, da 'yan Zumunci, masu zama a ƙasa suna rera su da ƙarfi. Ni ne magatakardan gidan, sunana Halvard, kuma duk abin da zan faɗa yana cikin kundin taro, da ranarsa.

Masu zana gidan sun tuna da zaure, da ɗakin karatu, har da kawunan dodanni biyu da aka sassaƙa a kan rufi. Kicin kaɗai suka manta. Kafinta Ottar Skogstad ne ya lura, ya tsaga wani lungu kusa da matakala ya yi shi. Matarsa Gunvor, mai kawo masa abincin rana, ita ta fara ɗora tukunya a ciki tun fenti bai bushe ba. Ottar ya rasu bayan shekara biyar, Gunvor kuwa ba ta bar kicin ɗin ba. Gajeruwa ce, ba ta ɗaga murya, kuma ba ta cikin kowace ƙungiya, don haka ba ta da ƙuri'a.

A watan Maris na 1927 aka aiko wa Eilert Brekke, shugaban Ma'abota Littafi, akwati goma sha ɗaya na littattafai daga gida. Ya rasa inda zai sa su. Ya auna kicin da sandarsa, ya sa na liƙa sanarwa: a taro mai zuwa za a kaɗa ƙuri'a a rushe kicin, a kafa kantocin littattafai.

Gunvor ta karanta, ta leƙo ofishina.

"Halvard, me dokarku ta tara ta ce?"

Na karanta mata: "Ba a kaɗa ƙuri'a sai an sha gahawar gidan nan." An kafa dokar ne bayan taron farko, ranar da mutane suka zauna da yunwa suka zaɓi a shafa wa gidan fenti ruwan ɗorawa, suka dawo suna nadama.

"Madalla," in ji ta.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci aka zauna. Brekke ya yi jawabin minti hamsin, ya zauna, kowa ya juya yana kallon ƙofar kicin. Ba abin da ya fito.

"Inna Gunvor, ina gahawa?" in ji Brekke.

"Ruwa bai tafasa ba, ranka ya daɗe."

"Tun ƙarfe biyu?"

"Kicin ɗin ya tsufa. Ai kai ma yanzu ka gama faɗa."

Ƙarfe biyar na rubuta: an tashi ba ƙuri'a.

A watan Afrilu Brekke ya zo da gahawa cikin buta daga gidansa. Sigvald Myklebust, shugaban 'yan Zumunci, ya ɗaga murfin ya shinshina.

"Doka ta ce gahawar gidan nan, Eilert. Wannan ta gidan matarka ce. Kai, da ita kuke wanke safa?"

A watan Mayu Brekke ya buga tebur. "To, a soke doka ta tara!"

Na yi gyaran murya na tuna masa cewa soke doka sai da ƙuri'a, ƙuri'a kuma sai da gahawa. Kallon da ya yi mini ban sa shi a kundi ba.

Duk wannan lokacin, ranar da 'yan Zumunci ke gwajin waƙa ruwan Gunvor yana tafasa lafiya lau. Ƙamshin gahawa da waina yakan bi matakala ya hau bene. Kafin ƙarshen Mayu na rubuta sunayen Ma'abota Littafi bakwai da suka shiga sahun mawaƙa, ciki har da wani dattijo da ba ya ji.

A taron Yuni Brekke ya naɗe hannun riga ya ce shi da kansa zai dafa, a kicin ɗin gidan, ya ga wanda zai kawo masa doka. Gunvor ta ba shi wuri, ta ja kujera ta zauna.

A wurinmu dai ɗanyen ƙwai ake fasawa a cakuɗa da garin gahawa har ɓawon, kafin a zuba a tafasasshen ruwa. Brekke ya san da ƙwai a ciki, amma bai taɓa ganin yadda ake yi ba. Ya jefa guda shida ɗungurungum cikin tukunya, ya rufe, ya bar ta rabin awa tana ɓararraka.

Aka zuba wa kowa. Mutum arba'in da ɗaya suka kurɓa.

"Allah ya isa, Eilert," in ji Sigvald, yana tsamo ɓawo daga kofinsa. "In an rushe kicin, wannan za mu riƙa sha?"

An dai sha gahawar gidan, don haka na kira ƙuri'a. Masu son a rushe kicin: ɗaya. Masu son a bar shi: talatin da tara. Matar Brekke ta ce ba ta bayan kowa.

Gunvor ta miƙe ta shiga kicin. Na duba agogo: minti huɗu ta fito da buta tana turiri. Brekke ne ta fara zuba wa, ta ɗora masa waina biyu.

"Yau ya tafasa, ranka ya daɗe."

Littattafan aka jera su a bangon matakala, inda suke har yanzu, suna ƙamshin gahawa. Gunvor ta riƙe kicin ɗinta har 1946. Ranar da ta aje aiki ta miƙa mini makulli, ta ce in karanta wa wadda za ta gaje ta doka ta tara.