Idon Guguwa a Gado na Huɗu

Ku da kuka fara aiki bana, kuna yi mini dariya don ina tsayawa sauraron mara lafiya kafin in sa a yi masa allurar barci. To ga dalilin. Har gobe ban manta da wata la'asar ta watan Fabrairu ba, ina ƙaramin likita a sashen zuciya na wani asibiti a nan Madina.

A gado na huɗu akwai wani dattijo, Alhaji Sa'idu, mutumin wani tsibiri a tekun Indiya. Umara ya zo da ɗansa, zuciya ta buga masa. Istishari, wato babban likitanmu, ya bar umarni: kada a tayar masa da hankali, in kuwa ya rikice a yi masa allura ya yi barci. Matsalar ita ce ana ta faɗa a labarai cewa guguwar teku ta doshi tsibirinsu. A can damina daga ƙarshen shekara take farawa, kuma ita ce lokacin fargabarsu. Ni da na tashi ana yi wa juna barka da ruwa, abin bai shige ni ba.

Ɗan ya tafi Harami salla, ya bar wayarsa. Ta yi ƙara, dattijon ya yi mini nuni in ɗauka. Matar ɗan ce, Maryam, haifaffiyar unguwar Bani Harisa ta nan Madina, jikar Hausawan da suka zo hajji suka zauna. Wannan ce daminarta ta farko a tsibirin, ita da 'ya'ya biyu. Da ta ji Larabcina sai ta juya harshe.

"Dakta, Bahaushe ne kai? Ka ce wa Baba khalas, shi ke nan, iska ta tsaya. Wallahi har rana ta fito. Yara ma suna waje suna tsintar mangwaron da ya zube."

Na yi hamdala, na sunkuya na fassara masa da fara'ata. Kafin in rufe baki na'urar da ke auna bugun zuciyarsa ta fara kuka. Ya fizge abin numfashin da ke fuskarsa yana cewa, "Ain! Ain!"

Sista Huda, ma'aikaciyar jinyar da muke tare, ita ma 'yar Madina ce. Ta ce kambun baka yake tsoro, don an yabi lafiyar jikokinsa, kuma a Larabci ain, wato ido, ake ce wa kambun baka. Ta fara karanta masa Falaƙi da Nasi, hannunta ɗaya riƙe da allurar. Ni ma na yarda da fassararta. Umarni a rubuce yake, bugun zuciya yana hawa, in ya mutu a hannuna ni za a tambaya. Tsoro ya kama ni sosai.

Sai dattijon ya damƙe hannun rigata. Ya zana da'ira a kan zanin gado da yatsa, ya caki tsakiyarta. Da guntun numfashi ya ce, "Ido ne. Idon iskar. Za ta dawo ta baya."

Na ce wa Sista ta dakata. Ta ce, "Dakta, istishari fa?" Na ce zan amsa masa.

A nan na gane. Guguwar teku juyawa take kamar dutsen niƙa, tsakiyarta shiru ne. In wannan tsakiyar ta bi ta kanku sai komai ya lafa na ɗan lokaci, sannan ɗaya gefen ya iso. 'Yar Madina ina za ta san haka? Mu nan ruwa na ɗaukewa yara ke fita wasa.

Na kira Maryam, bai shiga ba. Na sake kira, dattijon yana kallon bakina. Da ƙyar ta ɗauka, na ji dariyar yara a bayanta. Na manta a ɗakin marasa lafiya nake, na ɗaga murya: "Maryam, ki kwashe yaran ki koma ciki! Ba ta wuce ba, ciki!" Layin ya yanke.

Ban san abin da ta ji ba. Istishari ya zo ya wanke ni tas, kuma da gaskiyarsa, don zuciyar dattijon ta sha wuya. Kwanakin da suka biyo baya babu waya a tsibirin. Kullum in na shigo zagaye, uba da ɗa su dube ni, ni kuma in dubi ƙasa. Ni abinci ma ba na iya ci.

Ranar da layi ya dawo, ɗan ya miƙo mini wayar. Maryam ta ce kalma ɗaya ta ji, "ciki", amma yadda na faɗe ta ne ya sa ta ja yaran. Suna shiga iskar ta dawo ta ɗaya gefen. Bishiyar mangwaron ta faɗa daidai inda suke tsinta.

Allurar nan tana hannun Sista, kuma doka tana bayanmu. Shi ya sa nake ce muku in mara lafiya ya rikice, ku fara jin abin da yake son faɗa. Barcin zai iya jira minti ɗaya.