Likitar da ta ƙi jin sunan kakansa

Jiya da hantsi na je ba tumatirina ruwa a Bunkure, sai na tarar da maƙwabcin gonata a bakin kanal ɗin ban ruwa, ya naɗe wando yana nuna wa waya ƙafarsa. Gyambo ne, irin na masu yi wa kansu allurar maye.

Likita ce a wayar take duba shi. Ya ƙi zuwa asibitin gari, don mai yankar kati a can surukinsa ne, kada asirinsa ya tonu.

Ni kuwa ba na barin mutum babu asali. Na leƙa na ce, "'Yar nan, kin san jikan wa kike dubawa? Tun kafin a haƙa kanal ɗin nan kakansa..."

Ta ce, "Baba, ku riƙe sunan. Ranar da na sani zai daina kirana, ƙafar kuma ta ruɓe. In taimako za ku yi, ku hana shi shiga ruwa."

Har yanzu ban yarda a yi wa mutum magani ba a san gidansu ba. Amma na haɗiye sunan, na karɓi fartanyarsa na shiga ruwan a madadinsa.

Ku me kuka gani?