Malamin da Ya Kashe Lambarsa da Hannunsa

Ƙarfe bakwai na safe malamin lissafi yake buɗe ɗakin kwamfuta na makaranta. Kafin ya gaisa da kowa sai ya bi injinan nan shida yana dafa bayansu, kamar uwa mai duba zazzaɓin 'ya'ya. In ƙarar fankar ɗaya ta sauya, ranar ko shayi ba ya iya sha.

Shekara goma sha huɗu ke nan yana cikin 'yan sa-kai na ƙasashe daban-daban da ke haɗa kwamfutocinsu suna farautar manyan lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu. Aikin kashi biyu ne. Akwai masu cikakken gwaji, wata uku a kan lamba guda, wanda ya dace sunansa ya shiga tarihi. Akwai kuma masu tankaɗe, masu neman ƙaramar lambar da za ta raba babbar, a yar da ita kafin wani ya ɓata watanninsa a banza. Malam tankaɗe ya zaɓa, aikin da ba a yi wa tafi.

Da ritaya ta rage saura wata uku da kwana biyu cif, hankalinsa ya tashi. Injinan na makaranta ne, ba za su bi shi gida ba.

"Malam, ka tsufa kana share wa wasu hanya," in ji matarsa. "Ko sau ɗaya ka gwada taka mana. Me za mu faɗa wa jikoki?"

Ya karɓi lamba guda da sunansa don cikakken gwaji. Amma hali zanen dutse, sai ya ce zai ƙara mata tankaɗen kwana biyu tukuna.

Malamar kimiyya, wadda teburinta ke kusa da nasa, ta ce, "An riga an tankaɗe ta daidai ƙa'ida, Malam. Ka bar ta haka."

"In da sauran tsakuwa a ciki fa?"

"To kana so a samu, ko kada a samu?"

Kwana biyun nan ya yi su yana kai da kawowa tsakanin aji da ɗakin, alli a hannu. Rana ta biyu da hantsi ƙaramar lamba mai raba tasa ta bayyana a fuskar injin. Lambarsa ta mutu, wata sabuwa kuwa, in ya tankaɗe ta kamar wannan, ba za ta kammala ba kafin ya bar aiki. Ya aika rahoto, sannan ya ɗora injinan a kan tankaɗe na gaba.

Malam, kai ne ka fi son gaskiyar lamba da ganin sunanka. Mutane nawa ka tsare wa wata uku-uku, ba su san kana duniya ba? Mun gode, Malam, Allah ya saka da alheri.

Mai kwamfutar da ke zaman banza, ga wuri zai buɗe. Ran Alhamis Malam zai miƙa makulli, kuma har yau ba wanda ya ce zai gaje shi.