Duwatsu Biyar a Gindin Tsamiya

Wata Asabar ce, a daminar da aka fara tsuke bakin aljihu, ina aji huɗu a firamare. Inna ta aike ni in kai wa masu noma fura a gonarmu ta bayan garin Getso. A gindin tsamiya, inda ruwa ya zaizaye ƙasa, na tsinci duwatsu biyar masu kusurwa huɗu, launinsu kamar zuma, gefensu da kaifi. Ni kuwa mayyar carafke ce, nan take na ƙulle su a bakin zane.

A gidanmu akwai kakana, wanda kowa ke kira Malam. Idanunsa sun mutu, kullum yana zaure. Ba shi da zance sai cewa a gindin tsamiyar nan gidan mahaifinsa yake, maharbi mai bindigar toka da ya raba gari da kuraye. Ba mai yarda. Samari su yi ta ƙunshe dariya, Baba ma ya ce tsufa ne ya ruɗa shi. Ni kaina, Allah Ya yafe mini, na sha kwaikwayonsa. Abin ya ci masa rai har ya daina labarin, ko tuwo sai ya ɗan taɓa ya ture.

Kwana uku ina carafke da duwatsuna a ƙofar zaure, suna yanka mini tafi ban damu ba, sai Malam ya ji ƙararsu. "Ke Ladi, miƙo mini abin nan." Ya shafa, ya jujjuya. Da na faɗi inda na samo su, ya zaro tsohuwar wuƙarsa ya ƙyasta. Wallahi sai ga tartsatsi! "Ƙanƙarar bindiga ce," in ji shi, "ita ke ba albarushi wuta. Ni nake riƙe wa babana jakarsu." Aka kira Baba, ya duba, ya durƙusa ya ce, "Malam, ka gafarce ni." Ranar kakana ya cinye tuwonsa tas.

Ya rasu tun kafin a ƙaddamar da Shari'a, amma har ya bar duniya zaurensa bai rabu da masu sauraro ba. Yanzu an sare tsamiyar, gidajen bulo sun cinye gonar. Na ga irin duwatsun a gidan tarihi, cikin gilashi, ba mai taɓa su. Nawa huɗu sun salwanta, ɗaya na nan a ƙasan akwatina. Har gobe ina gode wa Allah da ruwa ya tono su tun Malam na da sauran kwana.