Dattijo Mai Jan Ƙaho

A filin ƙwallon Keffi, Izzuddeen ya kasa ɗauke ido daga dattijon da ke gabansa. Siriri ne, rigarsa ta koɗe, yana rungume da jan ƙahon roba kamar jariri. Ba ya busawa sai 'yan gari sun kai hari. A nan jijiyoyin wuyansa kan miƙe, ƙara ta cika fili.

"Baba, kunnuwanmu fa!" in ji wani ɗalibi. "Wallahi a hana shigowa da abin nan." Ya miƙa hannu zai karɓe.

Dattijon ya buɗe baki zai amsa, babu abin da ya fito sai iska.

"Ƙyale shi, ɗana," in ji wata mai gyaɗa. "Tsohon kwandastan motar Abuja ne. Kiran 'Mararaba! Nyanya!' ya cinye masa murya."

Ɗalibin ya janye hannu. Izzuddeen yana tunanin yawan ma'aikatan da wannan maƙogwaro ya kai Abuja.

Sai ga 'yan gari sun jefa ƙwallo a raga, fili ya kaure da ihu. Dattijon ya lumshe ido, ya ɗaga ƙahonsa sama ya busa, shi ma ya yi nasa ihun.