Ƙafar 'Yar Fari da Maganin Ruwan Ɗorawa

Shekarar da aka yanke mana layin waya, ina zaune a Kaura, a wata unguwa can bayan tashar jirgin ƙasa. Mu ba 'yan gari ba ne. Daga wani ƙauye kusa da Gurbin Bore muka taso, bayan kwana a gida ya gagari kowa, muka kama ɗakuna biyu a gidan haya mai cike da irinmu. Mijina ya tafi Kudu neman abin da za mu ci. Ya bar ni da uwarsa, wadda nake ce wa Inna, da ƙaninsa da ya dawo hutu daga jami'a, da ɗiyata ta fari, wadda a lokacin ta fara kama abu tana miƙewa.

Wanda bai san al'adarmu ba, bari in gaya masa. A wurinmu ɗan fari ba na uwarsa ba ne a gaban mutane. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, in an tambaye ta lafiyarsa sai ta sunkuyar da kai kamar an kama ta da sata. Tun ina ƙarama nake jin ana yabon wata mata a ƙauyenmu, wai ɗanta ya faɗo daga kan jaki a gabanta, ita kuwa ta ci gaba da tankaɗe ko ƙiftawa ba ta yi ba. Da irin wannan ake gane 'yar gidan mutunci. Ni ma na koya. Fuskata ta iya sarai, cikina ne ya ƙi ɗaukar karatun.

Wata safiya yarinyar ta kama turmi ta miƙe, ta ɗaga ƙafar hagu ta dire a kan garwashin da aka janye gefen murhu. Ina tsakar gida da tsintsiya a hannu, mata cike da wurin. Inna ce ta ɗauke ta. Ni kuwa na ci gaba da shara, ina share wuri guda har ƙasar ta yi rami.

Aka fasa ɗanyen ƙwai a kan ƙunar, wata ta kawo man goge baki, sannan aka aiki ƙanin mijina kemis. Ya dawo da 'yar kwalba, ruwan cikinta kamar an dama garin ɗorawa an tace. Ya ce mai kemis ya ce a wanke wurin, a ɗan shafa da auduga, in an ga zazzaɓi ko an ji wari a tafi asibiti. Saƙon ya shigo zaure da tsawonsa, amma kafin ya iso ɗakin Inna ya rage kalma guda: a shafa.

Da akwai layin waya a lokacin, da ƙanin mijin nan nawa yana can ƙuryar ɗaki yana latse-latse, da mun tsira. To babu. Ilimi ya taru masa a ciki ba wurin zubarwa, sai mu. Da la'asar ya ɗauki kwalbar ya karanta jikinta, fuskarsa ta washe kamar ya ga ɗan garinsu a tasha. Ya tsuguna ya zana awarwaro uku a ƙasa, manne da juna a jere.

"Inna, kin san mi ne wanga? Sunanshi akirifilabin. Danginsu akiridin aka ce musu, ga siffarsu nan. Cikin kwalta anka fara gano kakansu."

"Kwaltar titi?"

"Irinta. Tun asali rini ne."

"To mu marina muka aike ka?"

Bai kula ta ba. Ya ce kowace ƙwayar cuta tana da wani ɗan tsani murɗaɗɗe a cikinta, wanda ido ba ya gani, a nan take ajiye yadda za ta haifi irinta. Shi kuwa wannan magani shafal yake kamar reza, sai ya kutsa tsakanin matakan tsanin ya maƙale, cuta ta kasa haihuwa. Ya ce wani ɗan'uwan maganin ƙwaya ce da aka riƙa ba sojoji a yaƙin duniya saboda zazzaɓin sauro, suka sha har fatarsu ta yi rawaya. Ya ce yanzu haka masu bincike na gwada shi a kan ciwon daji, a jikin ɓeraye. Don Allah ya faɗa, kuma ya maimaita, cewa gwaji ne, ba a gama ba. Amma ya faɗi wannan ne daidai lokacin da Inna ta juya tana korar akuya.

Abu uku suka zauna a kan Inna: cuta ba ta haihuwa, zazzaɓi, daji. Washegari ta sa aka sayo babbar kwalba.

Ta shafa a gwiwarta. Ta shafa wa ragon maƙwabta a kunne. Wata tsohuwa mai ciwon baya ta zo ta kwanta rub da ciki aka yi mata zane biyu kamar buhun da za a ɗora a mota. Mu mutanen ƙauye mun fi yarda da maganin da ake gani. Ƙwaya ka haɗiye ta shi ke nan, wa ya san inda ta nufa? Wannan kuwa yana nan a fata, ko da sabulu ba ya fita, kowa ya shaida an yi maka magani.

Sai kuma 'yan dubiya. Gidan haya ne na 'yan gudun hijira, babu gona, babu surfe mai yawa, zuwa dubiya shi ne aikin yini. Mace za ta yi sallama, ta zauna, ta ce, "Sannu, Allah shi ƙara sauƙi," sai Inna ta miƙa mata gashin kaza da kwalba, kamar yadda ake miƙa wa baƙo ruwa. Ta tsoma, ta shafa a ƙafar yarinya, ta yi addu'a. Wadda ba a miƙa wa ba sai ta tafi da fushi, ta ce an raina hannunta. A bakin famfo, da ka dubi yatsun mata ka san wa ta zo gidanmu, wa ke gaba da mu.

Wanki kuwa Inna ta hana. Ta ce ruwa zai tafi da ƙarfin maganin. Shafi ya hau kan shafi, ƙasa ta manne, gashin kaza ya bar nasa, har ƙafar ta yi ɓawo kamar ƙanzon tukunya. Kowa ya duba sai ya ce, "Ma sha Allah, ta bushe."

Ni ba na dubawa, ai ba a san ni da wannan ba. Lokacin shan nono kaɗai ake miƙo mini ita, in karɓa ina kallon wani gefe. Amma nono ba ya kunya. Na ji bakinta ya yi zafi. Na ji jan da take yi ya rage. Sannan hancina ya fara kamo wani abu, irin warin naman da ya kwana a leda. Da na saci kallo, sai na ga wani ruwa na tsattsafowa ta ƙarƙashin ɓawon, tsakanin yatsu. Ruwan ɗorawa ne. To maganin ma ruwan ɗorawa ne. Na rasa wanne nake gani, magani ko mugunya, kuma ba ni da bakin tambaya. Uwata na Shinkafi wurin yayana, babu waya. Mijina ma haka.

Na tunkari Inna da zancen a kaikaice, yadda aka koya mana.

"Inna, kamar wani abu na wari ɗakin ga."

"Ɓera ne ya mutu. Ɗaga tabarmi ki share."

Na share. Na koma wurin ƙanin miji, shi da akwai wasa tsakaninmu, ana iya sako magana a cikin tsiya.

"Likitan ƙasa, wai maganin naka in ya yi aiki, wari yakan yi?"

"Ni ba likita ba ne, matar yaya. Sinadari nike karantawa."

"To sinadarin naka na wari?"

"Ba shi wari." Ya dube ni. "Ki gaya ma Inna."

"Ni? Kai ba ɗanta ba ne?"

"Auta ne ni. Har yau kallon mai majina taka yi min."

Ya dai gwada. Ya ce wa Inna a wanke ƙafar a gani, kuma shafin ya yi yawa. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai da bakinka ka ce sojoji sun yi rawaya sun warke. Yanzu kuma ka fi sojoji?"

Ya ce wancan daban, wannan daban, dangi ne kawai. Ta ce ai dangi ba su ƙin juna. Ya ce bari ya hau mota ya je inda ake samun layi ya bincika sosai, ya kira yayansa. A lokacin haka mutane ke yi, a tsallaka wata jiha don a ce "kuna lafiya". Ya tafi da sassafe da takardunsa. Ban ga laifinsa ba, amma na ga bayansa.

Ranar jikin yarinyar ya yi zafin da ko ta zane ana ji. Ko kuka ta daina, sai ɗan nishi. Bayan azahar ɗakin Inna ya cika da tsofaffi. Wata ta ce ciwon shawara ne, tun da har tafin hannun yarinyar ya yi rawaya, ba ta tuna yarinya na kama ƙafarta ba. Ta kwance saiwar rawaya daga bakin zane a jiƙa. Yarinya rawaya a waje, za a ƙara mata a ciki. Sai mai ciwon baya, wadda ta zama shaidar maganin a unguwa, ta gyara zama.

"Mi za a wahala? Ba an ce sojoji sha sunka yi ba? A ɗiga mata kaɗan a cokali."

Ina bakin ƙofa ina tsince shinkafa. Na ji ƙarar murfin kwalba. Na ji cokali ya taɓa bakinta. Na ga Inna ta tallafo kan yarinyar, ta matse mata kumatu.

Ban san lokacin da faifan ya kife ba. Na tsallake ƙafafun tsofaffi, ba gafara, na ture cokalin ya zube a zanen Inna. Na kira yarinyar da sunanta, da ƙarfi, sunan da tun ranar suna bai fito bakina a gaban kowa ba. Na ɗauke ta na saɓa a baya. A waje kaji suka hau cin shinkafata.

"Ke ɗiyar nan," in ji Inna a hankali, "gaban mutane?"

Na ɗaure majanyi na ja mayafi. Ina zaure na ji wata na cewa, "Kunya ta ƙare duniya." Wata ta ce, "Zaman birni ne."

A asibiti wata nas mai tabarau ta ɗago ƙafar ta duba, ta kau da kai.

"Wa ya yi mata wannan lallen?"

Na ce magani ne. Ta ce ta san shi, su ma suna da shi, kuma yana da amfaninsa a ƙaramin ciwo mai tsabta, amma ba a ce a yi wa yaro yaɓe da shi ba. Ta ɗauki biro ta ce, "Ɗiyarki ce?" Kaina ya fara sunkuyawa da kansa, sai na tare shi. Na ce tawa ce.

Sun daɗe suna jiƙa ɓawon kafin ya saki. Abin da ke ƙarƙashinsa ba zan rubuta ba. Ni na riƙe ta ana wankewa, tana tsala ihu, ni kuwa ina jin daɗin ihun, don tun safe ba ta da ƙarfinsa. Aka ba mu gado, aka sa mata ruwa da allurai. Likita ya ce ƙafa za ta tsira, amma ƙaramin yatsan ya riga ya tafi.

Washegari Inna ta zo da kwanon tuwo, tabon rawaya na nan a zanenta. Ba ta dube ni ba. Ta tsaya kan yarinyar ta daɗe tana kallon bandejin, fari fat, babu abin da za a nuna wa 'yan dubiya. Sannan ta ajiye kwanon ta ce wa jaririyar da ba ta san ko sunanta ba, "Ki gaya ma uwarki ta ci abinci." Haka muka riƙa magana har aka sallame mu, ta bakin wadda ba ta da haƙori.

Ƙanin miji ya dawo da bayani cike da waya. Ya tabbatar ba a shan wanda ake shafawa. Na ce masa an gode, Allah ya ba ɓeraye lafiya.

Har yau a unguwar in za a kwatanta ni, cewa ake "wadda ta kira sunan 'yar fari". Akwai gidajen da ake hana amare zama kusa da ni a wurin biki. Inna kuwa labarinta bai canja ba: da ba don maganinta ya riƙe cutar ya hana ta haihuwa ba, da ƙafar duka za a yanke. Ba na musu. Na ma lura tun daga lokacin, in jikokinta na wurin 'ya'yanta mata suka yi zazzaɓi, ita ke fara cewa a nemo keke a tafi asibiti, wai don kada marasa kunya su riga ta.

Yarinyar ta shiga makaranta bana. Tabon ya ja fatar tsakanin babban yatsa da na kusa da shi, silifas na yi mata ciwo, don haka uban ya aiko mata da takalmi mai maɗauri. Duk layinmu ita kaɗai ke da irinsa. Jiya na ji ta a ƙofar gida tana gaya wa 'yar maƙwabta cewa ba kowace ƙafa ake saya wa wannan ba, sai an kai mutum asibiti tukuna. Na leƙa na ce wa 'yar maƙwabtan kada ta kuskura ta je kusa da murhu.